Yadda Ake Saita Inji da Tsarin Tashi a Motar Tsere Mai Turbo

Tseren miƙaƙƙen titi gajere ne ƙwarai. Motoci biyu ke jerawa, fitila ta ba da hannu, kowa ya miƙe har mita 402, wato rubu'in mil, ko mita 201 a filayen da ke yin rabin haka. A Amurka aka raya shi, inda Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 domin a janye samari daga tsere a titunan gari a kai su fili mai tsari. Yau akwai irin filayen nan a Santa Pod ta Ingila, da Tarlton ta Afirka ta Kudu, da Baharain da Abu Dabi. Duk abin da ke cikin wannan bayani na irin wannan fili ne, rufaffe, mai motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Titin da jama'a ke bi ba wurin gwaji ba ne.

Matsalar mota mai turbo a layin farawa ɗaya ce. Hayaƙi ne ke juya turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska da matsi, shi kuma inji ba ya fitar da hayaƙi mai zafi da yawa sai an ɗora masa nauyi. Mota tana tsaye, babu nauyi, don haka babu matsin iska. In ka saki kuloci a haka, sai ta yi kamar za ta mutu kafin turbo ya farka. In kuma ka ɗaga juyin inji sosai don ka kauce wa hakan, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Tsarin tashi yana riƙe inji a juyin da ka zaɓa alhali totur yana ƙasa, ya tara matsi kafin mota ta motsa, kamar mahayi a filin sukuwa ya ja linzami doki yana zabura. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Amfaninsa shi ne kowane tashi ya zama irin na baya, ta yadda in ka canza abu ɗaya za ka san shi ne ya kawo bambanci.

Kayan da za ka tanada

Ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta, wadda ake iya saitawa, irin su Haltech, MoTeC, Link, FuelTech, Holley ko MegaSquirt, tare da kwamfuta da manhajarta. In ba ka da halin wannan, wasu motocin ana sake rubuta birenbos ɗinsu na asali da Hondata ko Cobb ko HP Tuners. Akwai kuma ƙananan akwatunan da ake haɗawa da wayoyin kwayil, amma waɗannan riƙe juyi kawai suke yi, ba su san halin da mai yake ciki ba.

Na'urar auna cakuɗin mai da iska mai faɗin zango, wadda ke amfani da sensa irin Bosch LSU 4.9. Wannan ba a yin ciniki a kanta. Sensar salansa ta asali tana gane abin da ke kusa da lamda 1.0 ne kaɗai, wato cakuɗin da mai ke ƙonewa tsaf, ita kuma mota mai turbo can nesa da nan take aiki.

Sensar matsin iska wadda ta zarce abin da za ka hau. Ka lura, mai lamba 3 bar (bar ma'aunin matsi ne) tana ƙirga har da nauyin iskar sarari, don haka matsin turbo kusan bar 2 kawai take gani. Sai sensar matsin fetur, ta matsin baƙin mai, ta zafin iskar da ke shiga inji, in da hali da ta zafin hayaƙi.

Makunni a fedar kuloci, ko maɓallin birkin giya in motar otomatik ce (bayaninsa yana mataki na 7). Solonoid na sarrafa matsi. Fitilar duba tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Abin sauraren ƙwanƙwasar inji mai sawa a kunne. Fulogai masu sanyi da ma'aunin tazararsu. Ma'aunin iskar taya wanda ke karanta ƙananan lambobi daidai, da littafin rubutu.

Na kariya kuma: hular kwano, abin kashe gobara, da abin da dokar fili ta ce. A ƙa'idar NHRA, hula wajibi ce ga motar da ke gama rubu'in mil a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa, tsofaffin motoci suna buƙatar ƙarfen kariya daga 11.49, cikakken keji daga 9.99, laimar tsayar da mota kuwa daga gudun mil 150 a awa.

1. Fara da lafiyar inji

Auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu yana nufin aikin makanike ne ke gabanka, ba na kwamfuta ba. Toshe bakin turbo ka hura iska cikin bututan da intakula, ka fesa ruwan sabulu a mahaɗai. Ko ƙaramin yoyo ne zai sa turbo ya yi ta wahala kuma tashi ya riƙa bambanta. Sa sababbin fulogai masu sanyi da mataki ɗaya ko biyu, a NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, ka rage tazara zuwa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, domin matsi mai yawa yana hure tartsatsi in tazara ta yi faɗi.

Injuna irin 2JZ na Toyota, da RB26 na Nissan, da 4G63 na Mitsubishi sun yi suna ne saboda gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe mai juriya. Duk da haka fistin da kwanrod da gasket na tof silinda suna da iyaka. Nemi sanin iyakar naka tun kafin ka taɓa kwamfuta.

2. Daidaita tayimin na gaskiya, sannan ka ɗaura matakan kariya

Kulle tayimin a manhaja a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, ka haska fitila a kan fulin karanshaf. In fitila ta nuna 13, duk teburin tayimin da ke manhajarka ƙarya yake yi da digiri 3, kuma a ƙarƙashin matsi digiri 3 sun isa su huda fistin. Gyara har lambobin biyu su zo ɗaya, sannan ka ɗaga juyi zuwa 4,000 a minti ka ga ko alamar tana zamewa.

Daga nan saita kariya: a yanke inji in matsi ya haura abin da kake nufi da kamar bar 0.2, in cakuɗi ya yi ƙarancin mai, in matsin baƙin mai ya faɗi, ko in matsin fetur ya kasa bin turbo. Sababbin shiga sukan bar wannan sai ƙarshe. Ranar gwajin farko ce aka fi buƙatarsa.

3. Mai

Cire solonoid daga aiki tukuna, ka bar sifirin na wesget, wato ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi, shi kaɗai ya riƙe matsi. A wannan ƙaramin matsin za ka gyara teburin mai.

Fetur yana ƙonewa tsaf a kashi 14.7 na iska kan 1 na mai, shi ne lamda 1.0. A ƙarƙashin matsi ana so a ƙara mai don ya sanyaya ɗakin ƙuna, don haka nufi lamda 0.78 zuwa 0.82, wato wajen 11.5 zuwa 12.0 na iska kan 1 na mai. Ina ba da shawarar ka saba da lissafin lamda tun yanzu, domin in ka koma E85, cakuɗin etanol da fetur, wanda nasa daidaiton wajen 9.8 ne kuma yake shan kusan kashi 30 cikin 100 fiye da fetur, lambobin lamda ba za su ruɗa ka ba.

Abubuwa biyu za ka zuba wa ido a rikodin bayanai. Na farko, buɗewar nozul kada ta wuce kashi 85 cikin 100. Na biyu, matsin fetur ya riƙa hawa ɗaya bisa ɗaya da na turbo. In tushensa bar 3 ne, turbo kuma yana ba da 1.5, dole ka ga 4.5. In ka ga 4.0 yana gangarowa, famfon mai ya gaza, ko wayarsa ta yi siriri, ko matata ta toshe. Kada ka rufe wannan ramin da ƙara lambobi a tebur.

4. Tayimin wuta

Nan ne ƙarfi yake, nan ne kuma ake asarar inji. Fara da tayimin mai jinkiri wanda ka tabbata ba shi da haɗari, ka riƙa ƙara digiri ɗaya-ɗaya a kan daino, na'urar auna ƙarfin inji, kunnenka a kan abin saurare. Muddin ƙarfi yana ƙaruwa sosai, ci gaba. Da zarar ƙarin ya zama ɗan kaɗan, ko ka ji ƙwanƙwasa mai kama da ana yayyafa tsakuwa a cikin inji, koma baya da digiri 2 ka tsaya. A wajen juyin da inji ya fi ƙarfin murɗawa ne matsin silinda ya fi yawa, don haka nan tayimin ya fi zama ƙasa, sannan ya ɗan hau can sama.

In babu daino, fili zai yi maka aikin. Gudun da mota ta kai a ƙarshen layi shi ke nuna ƙarfin inji, ba lokacin ba. Ƙara digiri ɗaya, in gudun bai ƙaru ba, mayar da shi.

Ingancin mai shi ke yanke hukunci. Wanda zai haɗa irin wannan mota a Kano ko Yamai ya san cewa fetur ɗin gidan mai ba a yi shi don bar 2 ba, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. In babu man tsere ko E85, rage matsi ka haƙura, ko ka sa feshin ruwa da metanol rabi da rabi, da sharaɗin ƙwaƙwalwa za ta sauke matsi nan take in tankin ya ƙare. Ko ina kake, saita tebur da zai janye tayimin a hankali in iskar shiga ta haura digiri 50.

5. Matsi gwargwadon giya

Yanzu mayar da solonoid. Ka riƙe wannan a zuciya: kwamfuta tana iya ɗaga matsi sama da na sifirin, amma ba ta iya saukar da shi ƙasa. Solonoid mai baki uku yakan kai kusan ninki biyu na sifirin. Mutane da yawa suna sa sifirin mai tauri don su ga babbar lamba, sai giya ta ɗaya ta zama hayaƙin taya zalla. Zaɓi mai laushi, ka ba giya ta ɗaya matsin sifirin kawai, ta biyu ka ƙara kaɗan, cikakken matsi sai ta uku. Motocin tsere masu ƙarfi sosai suna amfani da iskar CO2 a kan wesget, suna tsara matsi bisa lokaci daga sakin maɓalli, amma dabarar ɗaya ce.

6. Takunkumin tashi

Sai yanzu muka zo kan abin da kowa ke ɗokin yi, kuma da gangan na ajiye shi a nan. Inji yana da takunkumin juyi na sama, misali 7,500. Za ka ƙara na biyu a ƙasa, wanda ke aiki kawai lokacin da mota take tsaye.

Sharuɗɗan kunnuwa: kuloci a take, gudu ƙasa da kilomita 5 a awa, totur sama da kashi 80 cikin 100. In babu makunni a feda, sharaɗin gudu kaɗai zai yi, sai dai takunkumin zai ɗan makale bayan ka saki, har sensa ta ga motsi. In ka dogara da kuloci kaɗai ba tare da sharaɗin gudu ba, zai kama ka a tsakiyar canjin giya.

Irin yankewa: ana iya yanke mai ko yanke wuta. Yanke mai ya fi sauƙi ga inji, amma ba ya tara matsi sosai, tunda iska mai sanyi ce ke fita. Yanke wuta yana barin mai da iska su fita ɗanye su kama a cikin bututun hayaƙi gab da turbo, wannan fashewar ce ke juya shi. Farashinta kuwa, tana narka matatar hayaƙi in motar tana da ita, tana dukan fukafukan turbo, tana kuma iya tura bawul ɗin hayaƙi ya buɗe ba lokacinsa ba. SR20 na Nissan ya shahara da watsar da rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, saboda haka. In sifirin na bawul ɗinka na asali ne, yi amfani da yankewa mai laushi wadda ke zagaya silinda, tana farawa juyi 100 zuwa 200 kafin iyaka.

Juyin farawa: ga inji mai lita 2 da matsakaicin turbo, fara daga 4,000. Babban turbo yana iya neman 5,500 ko fiye, amma da ƙafa za ka je can, 200 bayan 200.

Jinkirta wuta: da farko gwada ba tare da jinkiri ba, ka ga nawa matsi zai taru. Sau da yawa za ka sami kaɗan. Sai ka sauke tayimin na lokacin tashi zuwa digiri 5, sannan 0, sannan 5 bayan fistin ya wuce ƙololuwa. Kowane mataki yana tura zafi daga silinda zuwa turbo. Tsaya da zarar ka sami bar 0.3 zuwa 0.5. Wannan ya isa farawa. Ƙara mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wannan yanayi don rage zafi. In ƙwaƙwalwarka tana da tebur mai bin matsi, tsara shi ya jinkirta sosai lokacin da babu matsi, ya dawo da tayimin yayin da ake kusantar abin da ake nufi. Haka matsi zai tsaya cak maimakon ya yi ta hawa.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Lokacin yanke wuta, iskar da ba ta ƙone ba tana wuce sensar lamda, sai ta nuna ƙarancin mai na ƙarya. In gyaran mai na kai-tsaye, wanda ke bin wannan sensa, yana kunne, ƙwaƙwalwa za ta yi ta zuba mai, fulogai su jiƙe, ka saki kuloci mota ta shaƙe. Kashe wannan gyaran a yanayin tashi. Haka ma sensar ƙwanƙwasa, fashewar salansa tana ruɗa ta ta janye tayimin daidai lokacin da kake buƙatarsa.

Sa iyakar lokaci, daƙiƙa 3 sun wadatar, zafin hayaƙi kuma kada ya wuce wajen digiri 900. Masu riƙe takunkumi a wurin ajiye motoci don wuta ta fito daga salansa a ɗauki bidiyo, turbo suke ƙonawa kawai. Ƙarar ba ta nuna komai game da saurin mota. Na ga masu tashi kusan shiru suna barin masu aman wuta a baya.

A ƙarshe duba yadda tayimin ke dawowa bayan saki. In ya dawo gaba ɗaya nan take, taya za ta sha duka. Bari ya hau cikin rabin daƙiƙa zuwa ɗaya. Wannan gangaren shi ne makami mafi sauri na sarrafa riƙon taya, ya fi matsi saurin amsawa nesa ba kusa ba.

7. In motar otomatik ce

Yawancin motocin da suka yi nisa suna amfani da giyabos irin Powerglide mai giya biyu ko TH400 mai uku, da birkin giya wanda ke kama giya ta ɗaya da ribas lokaci guda, mota ta kafe. Haɗa takunkumin da maɓallin nan. Tunda kwanbata, wadda ke madadin kuloci a otomatik, tana ɗora wa inji nauyi, matsi yana taruwa da sauƙi, jinkirin da ake buƙata bai kai na mai kuloci ba. In inji ya kasa kai juyin da ka saita, kwanbatar ce ta yi tauri, ba laifin kwamfuta ba ne. Man giya yana ɗaukar zafi da sauri ƙwarai a wannan riƙon, ka sa masa ma'auni. In babu birkin giya, taka birki da ƙafar hagu, ka sa takunkumin ƙasa kaɗan da inda mota ke fara turewa.

8. A fili

Kashe na'urar sanyaya ɗaki, domin ruwan da take ɗigarwa yana ɓata layi. Taya mai sulɓi ta tsere takan so iska tsakanin psi 10 da 14, radiyal ta tsere 15 zuwa 20. Fara daga sama ka riƙa saukowa da rabi-rabi. Masu irin waɗannan tayoyi su bi ta ruwan da ake zubawa kafin layi, su murza su a banza su dumama su har hayaƙi ya fara tashi. Mai tayar titi ya zagaye ruwan, zanenta yana ɗebo shi ya kai layi.

A layin akwai haske biyu da taya ke katsewa, tazararsu inci 7. Kunna na farko ka jira abokin karawa, ladabin fili ke nan. Shiga na biyu a hankali, sannan ka take totur. A sandar fitilu ta masu koyo, rawaya uku suna sauka rabin daƙiƙa tsakani. Saki a rawaya ta ƙarshe, in ka jira kore ka makara. Agogonka dai ba ya farawa sai taya ta bar haske, don haka a ranar gwaji manta da abokin karawa.

Kada ka zare ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Sake shi da sauri amma da ɗan zamewa. In mota ta fara tsalle-tsalle tana girgiza, ɗaga ƙafa nan take. Wannan tsallen ne ke karya shaf da haƙoran giya, maganinsa kuma yana wajen bushin, da shokozoba, da iskar taya.

9. Karanta takarda da rikodi

A takardar da za a ba ka, duba lokacin ƙafa 60 na farko, wajen mita 18. Shi ne alƙalin tashi. Mai jan gaba da tayar titi takan yi sama da daƙiƙa 2.0, mai ja da ƙafa huɗu wajen 1.6 zuwa 1.8, mai jan baya da tayar tsere 1.5 ko ƙasa. Masu harkar suna lissafin cewa duk 0.1 da ka rage a nan yana zama 0.15 zuwa 0.2 a ƙarshen layi.

Buɗe rikodi ka dubi layin juyi bayan saki. In ya faɗi daga 4,500 zuwa 2,800, matsi ma ya zube, mota ta shaƙe ke nan: ƙara juyi 200, ko ka ƙara zamewar kuloci. In ya harba zuwa takunkumin sama alhali tayar da ba ta ja tana nuna gudu kaɗan, taya ta zame: rage matsin tashi, ko ka tsawaita gangaren tayimin. Abin da kake nema shi ne juyi ya ɗan sauko, ya zauna cikin zangon da turbo ke aiki, sannan ya hau a miƙe. 'Yar zamewar taya, ƙasa da kashi 10 cikin 100, ba aibi ba ce, har ma ta fi kamawa ƙam.

Canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, ka rubuta shi tare da lokaci, zafin gari da iskar taya. Saitin da ya yi aiki da sanyin dare zai iya zamewa da rana tsaka, lokacin da kwalta ta yi zafi maganin danƙon da aka fesa mata ya yi laushi. Shi ya sa yake da kyau ka ajiye saiti biyu ko uku a kan makunni mai juyawa.

Bayan kowane gudu bar inji ya yi aiki a hankali na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don baƙin mai ya sanyaya turbo. Cire fulogai ka duba farin tangaran ɗinsu a rana: ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ƙyalli alamar ƙwanƙwasa ce ko da kunnenka bai ji ba, sai ka janye digiri 2 kafin ka sake fita. Shinshina sandar auna baƙin mai. Takunkumin tashi yana wanke ɗanyen mai ya gangara ta gefen ringi, musamman da E85, don haka in ka ji warin fetur ko ka ga man ya tsinke, juye shi kafin gudu na gaba.